Ragon Sunan Ɗan Baffa

Duk sanda na ji ana wasa wuƙa a kan dutse, sai in tuna ranar da rago ya zagaya gari da mu, a ƙauyenmu can gefen Dayi.

Baffana, ƙanin babana, ya dawo daga karatu a Zariya da ra'ayi mai zafi. Ya ce tunda kakana yana wazifa, ya bar hanya, yankansa mushe ne. Mahaifinsa fa! Wata biyar bai sa hannu a akushin tsohon ba. Muna gani kakana yana ramewa, kuma wallahi na ji haushin Baffa.

Ana tsakiyar cirar auduga matar Baffa ta haihu. Ranar suna jama'a suka cika ƙofar gida, kowa na jiran ya ga wanda zai yanka ragon. Kakana ya wasa wuƙarsa tsaf, ya miƙa wa Baffa.

"Bisimilla, Malam. Yanka mana na halal."

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ashe Baffa ko kaza bai taɓa yankawa ba! Yana durƙusawa ragon ya fizge, ya ture tukunyar kunu, ya faɗa gonar auduga. Kai, zo ka ga gudu! Mu yara muna ihu, liman ya tattare riga, masu wazifa da masu cewa bidi'a ce duk suna tarar rago ɗaya. Baffa ne ya kamo shi, ya fito gemu duk auduga kamar ya tsufa nan take.

Aka kayar da ragon, Baffa ya riƙe wuƙar yana jujjuya ta. Can ya ce a hankali, "Baba, nuna mini." Kakana ya ɗora hannu a kan nasa, suka ambaci sunan Allah, suka ja wuƙar tare.

Da rana aka kawo akushi. Kakana ya ce, "To Malam, rabin yankan nawa ne. Wane rabin za ka ci?" Baffa ya sunkuyar da kai, ya wanke hannu, ya zauna. Da gudu na shiga cikin gida na kai labari, kakata ta rangaɗa guɗa tana hawaye.

Yau masallaci biyu ne a ƙauyen, wasu ko gaisawa ba sa yi. Kakana ya rasu, Baffa kuma har gobe bai yarda da wazifa ba. Amma wuƙar tana hannunsa, kuma duk gidan da aka yi suna, na wannan masallaci ko na wancan, shi ake kira ya yanka, kowa ya ci.