Bajamushen da Sunansa Maƙeri

Muna shan shayi a filin jirgin Madina inda nake aiki, yau shekara ashirin da ɗoriya, ni da wani injiniya Bajamushe da aka turo mana gyaran na'ura. Schmidt sunansa. Don neman hira na tambaye shi ma'anar sunan.

Ya ce, "Maƙeri. A da, mu sana'ar mutum ce sunansa. Wani kakana ne ya yi ƙira ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Maƙerar ta ɓace, sunan yana nan."

Ni ɗan maƙera ne gaba da baya, amma tun da na samu digiri, in aka tambayi sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne.

Ya ce, "Kai fa, me babanka yake yi?"

Na ce, "Maƙeri ne."

Ya miƙo min hannu. "Ashe gidanmu ɗaya."

Ikon Allah! Shi yana yawo da kakan da bai taɓa gani ba a fasfonsa, ni ina ɓoye uban da gudumarsa ta kai ni jami'a.

Ku fa, mece ce sana'ar gidanku?