Makwarwa Ɗaya a Shekara

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Isiyaku, a makon ƙarshe na sanyi, lokacin da rana ta fara cizo a Jidda amma safiya tana da sauran daɗi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Mai gyaran injin ban ruwa ne da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Ammariyya, irin mutumin da in ya ba ka hannu sai ka nemi sabulu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani abu da ya same ni ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba zai fahimtu ba sai na fara ba mai karatu labarin kare.

Mu Hausawan Sudan ne. Mahaifinmu maharbin zabin daji ne a wani ƙauye na bakin Nilu, kuma a cikinmu biyu Yaya ne ya gaji farautar, ni kuwa cin naman kawai na gada. Da muka zo Jidda neman abinci na ɗauka an rabu da wannan ke nan, don ban ga inda mutum zai yi farauta tsakanin teku da kwalta ba. Ashe Yaya bai rabu ba. Wani makiyayi da ya gyara wa inji ya ba shi ɗan kwikwiyo, siriri mai dogayen ƙafafu da faɗaɗɗen kunne, ya sa masa suna Barde. Kwana uku kwikwiyon ya yi a saman rufin gidansu kafin maƙwabta su aiko da limamin unguwa.

Wanda ya raba gardamar shi ne Ammi Bakur, wani dattijo haifaffen nan, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji bai koma ba. Yana da gona ta dabino da ciyawar dabbobi a wajen Hulais, arewa da gari, kuma Yaya ne ke duba masa injin rijiya. Mutum ne mai tsantseni a addini, Hausarsa tsohuwa ce, rabinta Larabci. Ya ce wa Yaya kare yana iya zama a gonarsa, amma da sharaɗi. Shi abin da ya koya wajen malamai, ba a ajiye kare sai na farauta ko na gadi ko na kiwo, kuma ba zai bari ladansa ya riƙa zubewa kullum saboda karen sha'awa ba. Don haka kowace shekara, kafin a rufe lokacin farauta, Barde ya kawo masa makwarwa ko da guda ɗaya ce, wadda shi ya kama da bakinsa bai ci ba. Shekarar da ya kasa, a ɗauke shi. Ba a rubuta komai ba, hannu kawai suka yi.

A wajen Yaya wannan ba sharaɗi ba ne, wasa ne. Bai taɓa riƙe bindiga a ƙasar nan ba, domin baƙo mai zama da iƙama, takardar izinin zama, ya san iyakarsa. Da kare da ƙafa da ƙaramar wuƙa yake farautarsa. Zai yi bisimilla ya saki Barde, karen ya tayar da makwarwa, ta tashi ta sauka can gaba, su bi ta su sake tayar da ita. A tashi na uku ta gaji, sai ta lafe a gindin dutse, Barde ya danne ta ya riƙe ba tare da ya fasa fatarta ba har Yaya ya iso ya yanka. Na bi su sau da yawa, kullum ina baya ɗauke da jarkar ruwa, ina haki ina tambayar yaushe za a koma mota.

Farkon lokacin farauta ba ya burge shi. Yana cewa wannan na masu manyan motoci ne, lokacin da tsuntsun bai san mutum ba, ka tsaya ma zai zo ya gaishe ka. Shi sai sanyi ya kusa ƙarewa, an watse, filin Allah ya koma shiru, sauran makwarwar da ta tsira ta yi wayo. A lokacin ba ta yarda ta tashi, gudu take da ƙafa cikin duwatsu, in ta ji motsi a fili ta faɗa gonakin mutane. Yaya ya san kowane mai gona a wannan kwarin da sunansa da sunan injinsa, amma ban taɓa ganin ya tsallaka kan iyaka bai yi sallama ba, ko da tsuntsun yana gabansa yana kallonsa. Sau ɗaya na ga ya kira Barde ya dawo daga kan makwarwar da ta riga ta gaji, don ta shiga gonar mutumin da ba ya nan. Na ce masa ai mai gonar ba zai sani ba. Ya dube ni yadda yake duban injin da wani ya taɓa kafin shi.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, bai kai wata biyu ba. Ranar da na kai masa kunu da la'asar, bayan ya gama yi mini wasiyya a kan iyalinsa, ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Musa, Barde yana wuyanka. Kada ka bari a kore shi, bai san kowa ba sai gonar nan." Na ce to, kamar yadda ake ce wa marar lafiya to a kan komai.

Iyalinsa sun koma wajen dangin matar a Madina. Ni direban kamfani ne, ina zaune a hawa na uku a unguwar Safa, gidan da ko kyanwa sai an yi shawara da mai gida. Ba ni da inda zan kai kare. Saboda haka na zama mafarauci da ƙarfi da yaji ina da shekara arba'in da tara, da tumbi, da gwiwa mai ƙara.

Shekara huɗu na farko Barde ne ya rufa mini asiri. Ni dai in yi bisimilla in sake shi, in bi bayansa ina tuntuɓe, in tarar da shi ya gama aikin yana jirana da wani irin kallo na haƙuri. Kullum sai makon ƙarshe nake zuwa, ba don na gaji ra'ayin Yaya ba, sai don ni mutum ne mai ɗage abu har ya kai bango. In kai wa Ammi Bakur tsuntsun, ya juya shi a hannu, ya yi wa Yaya addu'a, a kawo gahawa da dabino, in kama hanya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga kwarin nan yau. Filin da muke ajiye mota an kewaye shi da waya. Gaba kaɗan an kafa allo, an hana farauta don a bar namun daji su farfaɗo, kuma na san wannan kam zai yaba, domin shi ma da ya ga makwarwa ta fara tafiya biyu-biyu yake naɗe igiyarsa sai baɗi. Amma izinin da a da ake nema da sallama a bakin ƙofa yanzu a cikin wayar hannu yake, shi kuwa har ya rasu ni nake karanta masa saƙo. Masu gonakin da ya sani yawancinsu sun bi shi, 'ya'yansu sun sa ƙofofin ƙarfe, ba sa zuwa sai hutun mako. Ba su yi laifi ba, gonarsu ce. Gidan da ya zauna a Ammariyya ma babu shi. Abin da ya rage mana ni da Barde shi ne gonar Ammi Bakur da ɗan tsaunin da ke bayanta, kuma makwarwar wurin ta fi ni sanin jadawalina.

A shekara ta biyar muka fita Asabar uku a jere ba mu kama komai ba. Barde yana tayarwa, amma a tashi na biyu shi ne ke fara gajiya. Ranar ƙarshe na zauna a mota ina kallonsa yana lasar ƙafa. A nan ne dabarar ta zo mini, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, tawa ce. Na je kasuwar tsuntsaye a kudancin gari na sayi makwarwar kiwo, na sa ta a kwali, na kai ta bayan tsauni. Na ɗaure mata fiffike ɗaya da zare, na yi bisimilla, na saki Barde. Ya kama ta a taku goma. Na ce wa kaina ai shi ya kama da bakinsa, kuma bai ci ba, sharaɗi ya cika. Ammi Bakur ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya yi addu'a, aka kawo gahawa. Bara ma haka na yi, kuma abin kunyar shi ne karo na biyu bai dame ni kamar na farko ba.

To bana, ranar Asabar, na sake sayo ta uku. Barde yanzu yana da shekara goma sha ɗaya, bakinsa ya yi fari, ƙafafun baya suna rawa in ya miƙe. Muka hau bayan tsauni a hankali, ni da shi ba mai yi wa wani gori. Na ɗaure fiffiken, na ajiye ta a ƙasa, na yi bisimilla. Ya matsa ya shinshina ta, ya dube ni, ya nemi inuwar dutse ya kwanta. Makwarwar ta zagaya ta gaban hancinsa tana tsattsagar ƙasa. Na kira sunansa, na tafa, na yi irin fito ɗin da Yaya ke yi, wanda ban taɓa iya shi daidai ba. Ya kaɗa jela sau biyu don kada in ji kunya, ya sa kai a kan ƙafafunsa.

Na daɗe zaune a wurin. Wuƙar Yaya tana aljihuna, in na yanka tsuntsun na kai ba wanda ya gan ni. Ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, gara in faɗi gaskiya, gajiya ce. Na gaji da kwalin, na gaji da zaren, na gaji da yadda nake sunkuyar da kai in dattijon yana yi wa ɗan'uwana addu'a a kan tsuntsun kasuwa. Na kwance mata fiffike don ta tafi, ta ƙi tafiya, ba ta san inda ake zuwa ba. Sai na mayar da ita kwali, muka gangaro.

Na tarar da Ammi Bakur a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ƙafarsa ɗaya a miƙe saboda ciwon suga. Na ajiye kwalin a gabansa da tsuntsun a raye, na gaya masa komai, har da zaren. Na ce in ya ce in ɗauke karen yau zan ɗauke shi, ko da yake ban san inda zan nufa da shi ba. Ya leƙa kwalin, ya daɗe yana gyaran carbinsa.

"Ya waladi, ɗana, ka ɗauka ban sani ba?" ya ce. "Makwarwar dutse a ƙarshen sanyi ƙashi ce da fata. Taka kuwa kitse har wuya, da aka buɗe cikinta abincin kaji ne fal. Shekara biyu ina cin tsuntsun kasuwa ina jiran ka buɗe baki."

Na tambaye shi me ya hana shi yi mini magana. Ya ce shi da Isiyaku suka yi hannu, ba da ni ba, kuma bai ga yadda zai tozarta mutumin da ke ɗauke da amanar mamaci ba. Sannan ya ce tun shekarun baya Barde ke kwana a bakin akurkin kaji, tun da ya fara kuwa yanyawa ba ta sake ɗaukar masa kaza ba. Ya je ya tambayi malami, aka ce masa wannan karen gadi ne, halal ne zamansa.

"Halas, shi ke nan, zai mutu a nan in Allah ya so, mu binne shi a bayan dabino. Kai kuma ka huta, ba sai ka ƙara kawo komai ba."

Na yi ta godiya. Na sha gahawa, na shafa kan Barde, na shiga mota ina jin kamar an sauke mini buhun siminti. Wannan sauƙin bai kai ni babbar hanya ba. Kafin in wuce gidan mai na farko sai na sauka gefen titi na kashe mota, na rasa dalili. Amanar ta cika, karen ya tsira, an yafe mini abin da ban cancanci a yafe ba, kuma ga ni ina share ido da hannun riga.

Mai karatu da ke gida wataƙila bai san yadda maƙabartun nan suke ba. Ba a rubuta suna, ba a kafa alama, ƙasa ce shimfiɗe da ƙananan duwatsu iri ɗaya. Tun shekara ta biyu na kasa gane wanne ne na Yaya, sai dai in tsaya daga bakin layi in yi sallama ga kowa. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, kayan aikinsa an rabar. Injinan da ya gyara an canza su da sababbi. Abin da ya rage nasa da zan iya zuwa in tarar shi ne wannan wahalar ta shekara-shekara da nake ta ƙorafi a kanta: hawan tsaunin, igiyar da hannunsa ya sa ta yi laushi, da dattijo ɗaya da ke kiran sunansa da ƙarfi in na miƙa tsuntsu. Shekara bakwai ina cewa ya bar mini kaya, ban lura ba cewa duk ranar da na ɗauki kayan tare muke yini.

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya sa ya huta. Asabar mai zuwa an riga an rufe farauta, ba ni da tsuntsu, ba ni da sharaɗin cikawa, ba wanda ya ce in zo. Na gaya wa matata zan fita da sassafe, ta tambaye ni me zan je yi a Hulais. Na ce mata ban sani ba tukuna, amma ta ajiye mini jarkar ruwa a bakin ƙofa.