Muhibbat Mai Tsinta Sau Biyu

Kullum da safe, bayan ta sallami yara, Malama Muhibbat takan hau keke daga unguwar Sabo ta bi ta unguwar Mokola zuwa ɗakin binciken da take aiki. Maƙwabta likita suke kiranta, har ta gaji da gyara musu. Aikinta a gaban kwamfuta yake. Na'ura takan karanta ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, dubbai, sai manhaja ta kasa su gida-gida, ta raɗa wa kowane gida suna. Abin haushin, da wuya manhaja biyu su kasa iri ɗaya.

Mahaifinta, Alhaji Maikuɗi, falken goro ne, kuma bai taɓa yarda mutum ɗaya ya tsince masa goro ba. Biyu yake sawa, inda suka saɓa nan yake zuba ido. Da wannan dabarar ta rubuta 'yar manhajarta, mai jera kason manhaja biyu gefe da gefe ta nuna ƙwayoyin da aka saɓa a kansu. Kyauta ta bai wa kowa.

Shekarun baya wata ɗaliba, Husna, mai binciken jinin masu sikila, ta shigo baki har kunne. Ta gano sabon nau'in ƙwaya, kuma digirinta kacokan a kansa ya rataya.

"Madalla," in ji Muhibbat. "Amma kawo mu tsinta sau biyu."

Da suka bi da shi ta manhajarta, sai sabon nau'in ya watse. Ashe ƙwayoyi ne suka manne biyu-biyu, na'ura ta ɗauka ɗaya ce.

"Anti, kin kashe ni! Da na sani ban nuna miki ba."

"Gara ki yi kukan a nan da a gaban masu jarrabawa, abi, ko ba haka ba? Oya, maza jawo kujera."

Makonni suka yi suna bin wuraren saɓanin, har suka tono wani ɗan rukuni na gaske da manhaja ɗaya ta haɗiye cikin babba. Da shi Husna ta ci jarrabawarta.

Muhibbat, ke ce kika yarda a ji haushinki don kada a ji kunya. Sunanki can ƙasan takardar binciken Husna yake, wurin godiya, kuma wannan yana ba ni takaici. Mun gode, 'yar falke, Allah ya saka da alheri. Masu bincike, ku yi koyi da ita.

Yanzu Husna ma tana da ɗalibai. Duk wanda ya shigo mata da murna, sai ta tura masa kujera ta ce, "Kawo mu tsinta sau biyu."