Azarar Gidan Na'Allah

Waɗanda suka iske Na'Allah magini ya tsufa, yana jan ƙafa da sanda a bakin kasuwar Filinge, sun ɗauka ko can salihi ne marar ƙashi. Ba su san shi ba. Haske matarsa ita ta san shi, don shekara arba'in da ɗoriya ta yi tana fama da taurin kansa kafin mutuwa ta raba su.

Shekarar da aka samu ƴancin kai ya komo daga Yamai, inda ya yi aikin gini wajen ƴan mishan. Wasu sun komo da rediyo, wasu da keke. Shi ya komo da Littafi Mai Tsarki, ya ce Yesu yake bi. Danginsa na ƙauyukan Kurfai suka ce ciki ne ya kai shi, don shinkafar Nasara ya bar addinin iyaye. Maganar nan ta zauna masa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Amma masu faɗinta ba su fasa kiransa gini ba, don babu mai tsima ƙasa kamarsa: kwana uku sai ta sha ruwa da ciyawa, ko mai gida zai mutu da gaggawa. Safe da maraice ya tara Haske da ɗiyansu biyar a tsakar gida su yi waƙar sujada, da muryarsa wadda ko jaki ya ji sai ya yi haƙuri. Maƙwabta har suka saba.

Gidansa da hannunsa ya gina shi, ɗaki uku, azarar giginya da ya sayo daga kudu ya kawo bisa jaki.

Sai fari ya zo, shekarar da aka ci jar dawa ta taimako. Damina biyu gero bai kai gwiwa ba, shanu suka zube a hanyar Sanam. Gini ya tsaya, don wa zai kwaɓa ƙasa da ruwan da ya wuni yana jira a bakin rijiya? Alhaji Tahiru, falke mai rumbuna a bayan kasuwa, ya buɗe sabon ciniki: kawo azarar ɗakinka, karɓi dawa. Mutane suka dinga kware rufinsu, su yi guzuri, su hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai.

Pasto ya aiko daga can, ya ce akwai wuri a mota, akwai abinci a mishan. Haske ta dubi Muna, autarta, wadda wuyanta ya koma kamar sillen kara, ta tari mijinta a bakin ƙofa.

"Maigida, azara ake ci? Ɗiyanka na ƙarewa, kai kana gadin itace."

"Wanda ya cire azararshi ba shi komowa, Haske. Ruwan farko zai narka bangon, mutum ya zama baƙo a bakin titin Yamai, shi da jikokinshi. Kuma in na hau motar nan, Kurfai duka ta ce ai mun faɗa."

Ta ce masa Kurfai ba ta dama wa ɗiyanta fura. Gaskiya ta fi mari ciwo.

Washegari Haske ta ji motsi a bisa. Ɗakin kwanansa ya hau, ya kware shi, ya saɓa azarar a kafaɗa ya ratsa tsakiyar kasuwa da ita rana tsaka. Alhaji Tahiru ya yi murmushi, ya ce ashe Yesun ma yana barin mutuminsa da yunwa.

"Auna dawarka, Alhaji, ka cika tiya. Ɗaki na saida maka. Gida na nan."

Daga nan ya shiga bin maƙwabtan da ke shirin tashi, Musulmin da suka daɗe suna yi masa dariya. Ya ce su saida gado, su saida akuya, su saida ƙyaure, amma su bar rufi, shi zai toshe musu ƙofa da tubali har su komo. Wasu suka ji, wasu suka ce ɗan mishan ya haukace. Ruwan wanke-wanke Haske ke tara masa a tsohuwar tukunya yana kwaɓi da shi, tana tarawa tana masifa. Ladan aikin kuwa, mai kirki ya bar musu tafin dusa.

Dawar ta ƙare, suka koma cin hanza, ƴaƴan wani itacen daji, a jiƙa ta kwanaki kafin ɗacin ya fita. Ya kware ɗaki na biyu. Su bakwai suka cushe a ɗaya. Wata guda Haske ba ta ce masa uffan ba, sai amin wurin addu'a, shi ma a taƙaice. Rannan ta buɗe baki ta rantse masa: ranar da ya taɓa rufin na uku, ko ranar da Muna ta kasa tashi, za ta goya ta ta tasa sauran a gaba, ko da ƙafa sai Yamai. Ya ce ya yarda, kuma shi zai ɗauki kayan. Kullum da safe kafin ya buɗe Littafinsa sai ya durƙusa ya ce wa yarinyar ta tashi ta gaida ubanta. Tana dafa bango tana miƙewa.

A haka hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya kwana yana zuba. Gidajen da aka toshe suka tsaya, waɗanda aka kware suka zube kamar gishiri a miya, har da ɗakunan Na'Allah biyu.

Gari ya waye, Haske ta fito ta ga tsibin laka inda ta haifi ɗiyanta. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta hango shi tsakiyar tsibin, wando a naɗe, ƙafafu kamar tsinke, yana tattakawa.

"Mi kike kallo? Allah ya kwaɓa muna, saura dunƙulawa. Kira ɗiyan."

Ta waiwaya ta dube su a bakin ƙofa, biyar ɗinsu cif, Muna a tsaye. Ta ce masa ita ba baiwar ubansa ba ce, kuma mai hankali gona yake tafiya yau, ba gini ba. Sannan ta tamke zanenta ta shiga lakar.