Gwaggo Mai Buhu da Taswirar Masu Bincike

Da hantsi take fita, tana tura baro gida gida, tana karɓar robobi da kwalabe da kwalayen maganin da aka gama da su. Shekara goma sha tara ke nan. Kowane ƙauye da buhunsa, kowane buhu da kalar tsumman da take ɗaure masa baki. Jama'a suna ce mata Mai Buhu. Mu 'yan tsallaken rafi Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, za ta huta. Ban taɓa rubuta wa jama'a komai ba, a yi mini uzuri, amma bai kamata ta tafi shiru ba.

Bara masu bincike suka zo auna nisan kowane ƙauye da kemis, don a san inda za a buɗe sabon shagon magani guda ɗaya tak. Ranar da suka tara mu a ajin makaranta, jagoransu ya manna taswira a allo. Ƙauyenmu ya faɗa cikin waɗanda aka ce suna kusa: kilomita huɗu. Wato an cire mu.

Babana yana da asma. Da damina rafi cika yake yi, sai an zagaya ta gada, tafiyar rabin yini. Ina zaune kusa da shi, ina jin ƙirjinsa yana fito. Ya ɗaga hannu, ya kasa haɗa magana, ya sauke. Jagoran ya fara naɗe taswirarsa.

Sai muka ji ƙarar baro a bakin ƙofa.

"Iya, taro ake yi," in ji mai gadi.

"Na sani, ɗan nan. Masu magana na kawo. Kauce."

Gwaggo ta zazzage buhu biyu a kan tebur. Na ƙauyen bakin titi duk kwalabe ne masu takardar kemis a jiki. Namu kuwa ƙullin leda ne marasa suna, irin na masu talla, da kwalayen da wa'adinsu ya wuce.

Ta nuna namu. "Yallaɓai, wannan na wata huɗun damina ne. Nemo mini takardar kemis ko ɗaya."

Jagoran ya yi ta tonawa da biro. Bai samu ba.

"Amma Iya, a taswira kilomita huɗu ne."

"Taswirar taka ta iya iyo?"

Ba wanda ya yi dariya, don ba mu san yadda zai ɗauka ba. Ya daɗe yana kallon ledojin, sannan ya ce a kai shi rafin. Ya dawo wandonsa sharkaf har cinya, ya sake manna taswirar.

A gefenmu aka buɗe shagon.

Gwaggo, ke ce kika karanta abin da muka zubar, alhali masu takardu ba su gan mu ba. Mai tona shara ta fito da shaida. Mun gode, Allah ya ba gwiwa sauƙi.

Ku kuma jama'a, ku daina ƙona kwalaben magani a bayan gida. Ku ware su, ku miƙa wa wanda zai gaje ta, ku kuma gaishe shi da mutunci.

Babana ya ce in gaya miki, Gwaggo: daminar bana ko sau ɗaya bai kwana a zaune ba.