Fakon da Yaya Lawali ya ƙi bari

Shekara bakwai ke nan, a wannan bazarar, da rasuwar yayana Lawali, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin da ya motsa ni wata lacca ce da aka yi mana a jami'a. Malamin ya tambaya ko ɗan Adam zai iya mayar da wata duniya wurin zama, ya ɗumama Mars, ko ya narkar da ƙanƙarar da ta lulluɓe watannin Jupita. 'Yan aji suka kaure da gardama. Ni dai na sunkuyar da kai, domin a gidanmu na Tsibiri na fara jin wannan tambayar.

An kori Lawali daga lise, wato babbar sakandare, bayan wani yajin ɗalibai, lokacin da soja ba sa son a ɗaga murya. Ya dawo gida da tsohuwar mujalla da ya saya a kasuwar Maradi, mai hoton wani wata fari fat, wai akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa. A shekarar nan, fari ya cinye gonaki, sojoji na rabon dawa a mota, samari na tafiya Jiratawa ƙwadago a gonakin ban-ruwa. Shi kuwa ya ce in har mutane na tunanin raya duniyar da ko iska babu, abin kunya ne mu gudu mu bar fakon da babanmu ya bar mana.

Ya hana a sassabe tohon da ke fitowa daga kututture. A wurinmu gonar da aka share tas ita ce shaidar manomi, sai ya zama abin dariya. Masu wucewa kan yi masa ba'a da bokonsa, su ce, "Ɗan lakwal, gona kake yi ko kurmi?"

Inna ta roƙe shi. "Lawali, ka bi 'yan'uwanka Jiratawa. Ƙasar ga ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Inna. Ruwan na nan, nisa ya yi."

Ya shiga ƙara wa tsohuwar rijiyar gonar zurfi don ya shayar da tohon. Ƙasar rairayi ce. Wata hantsi ta rufta da shi, kafin a tono shi rai ya yi halinsa.

Bayan laccar na zauna na auna zancen da kyau: zafin da ake buƙata, nisan tafiya, ƙarnonin da za a jira. Ban ga yadda zai yiwu ba. Na san da yana nan zai ce, "Kai dai da tsoronka, Sani." Wataƙila kuma in tambaye shi abin da ban ji kowa ya tambaya a aji ba: wa za a fara turawa, kuma wa zai gaya wa uwarsa?

Tohon ya zama itatuwa, sun fi mutum tsawo. Waɗanda suka yi masa dariya sun fara barin nasu, suna cewa marigayi ya yi hangen nesa. Gero na yin kyau a gonar yanzu, da kaka ƙannena kan kawo dammuna gida. Inna takan sa a rabar da su duka ga maƙwabta. Har yau ko ƙwaya ɗaya ta gonar nan ba ta shiga bakinta ba.