Wasan da Ya Ci Idon Maƙwabcina

Mun bar Kafancan tun da asuba ranar Asabar, ana ɗan yayyafi, da bas ɗaya da akori-kura ɗaya. 'Yan wasan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu da mu dattawa muna cikin bas, sauran magoya baya suna bayan akori-kura da gangunansu. Wasa za mu buga a wani gari can wajen Kagarko. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa ba su yi mana komai ba, ko da yake wani labarin daban ake yaɗawa a kasuwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don ku da kuke ta tsare ni a shago da tambaya ku ji daga bakin wanda ya je.

Ni ne mai riƙe wa ƙungiya akwatin magani. Ban karanta likitanci ba, ɗan shagon kemis gare ni, shi ke nan aka ɗora mini akwati aka kuma laƙaba mini Dakta. A gaban mota kusa da direba maƙwabcina ne ke zaune, wanda kowa ke kira Rafali, shi zai yi alƙalancin wasan. Ibo ne, amma a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Tun bayan rigingimun da muka sha a yankin nan, in an kawo alƙalin wasa Bahaushe sai a ce zai bi masallaci, in an kawo ɗan ƙasa sai a ce zai bi yarensa. Sai ƙungiyoyin biyu suka yarda a kawo Ibo, wai shi ba shi da gona ko sarauta a nan, don haka ba ruwansa da kowa.

Da farko ya ƙi. Matarsa ma ta ce ina, mutumin da ya haura hamsin me zai kai shi garin da ba a san shi ba. Sau uku ina zuwa gidansu, na ƙarshe har na dafa ƙirji na ce mata ni da kaina zan dawo da shi ƙofar gida lafiya. Aikinsa a tasha shi ne ba jirgi hannu, aiki ne na ido, lokaci-lokaci har gwada musu gani ake yi. Saura shekara biyu ya yi ritaya.

Ba mu fita gari ba direba ya cusa kaset. Na sha jin kiɗa iri-iri a rayuwata, amma wannan da suke kira rok ban san inda zan ajiye shi ba. Ba ka jin kalma, ba ka jin amshi, sai wani ƙato yana kururuwa ana ta ƙwala ƙarafa kamar ka shiga layin maƙera. Direban, wani ɗan ƙabilar Bajju mai yawan dariya, ya ce wani ɗan'uwansa da ya yi wa Turawa aiki a Jos ne ya ba shi. Na roƙe shi ya rage, ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Dakta, wannan waƙa yana hana barci ne. Ka fi son na kai ku cikin rafi?" Rafali ya yi ta dariya, ya ce in haƙura, ai ni ma magungunana ba daɗi gare su ba.

Hanyar Kwoi damina ta cinye ta. Rami na bin rami, gonakin citta kore shar dama da hagu, mata na tafe a gefen titi da kaya a kafaɗa. Mun wuce shingen 'yan sanda uku kafin mu isa, a kowanne sai direba ya sauka ya zagaya bayan mota an gaisa. A Kwoi muka karya kumallo. Ƙosan da bara ake ba ka huɗu a naira bana biyu ne, su ma sun rame. Na sha kunu, na sayi gasasshiyar masara, Rafali kuwa ruwan zafi kawai ya sha, ya ce ba ya gudu da ciki cike.

Wanda ke zaune kusa da ni wani mai goyon bayanmu ne na gani-kashe-ni, yakan sayi magani a shagona. Ya kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa muka yi ta ci tare. Da muka wuce ofisoshin jam'iyyun nan biyu da gwamnati ta gina iri ɗaya, ciyawa ta kusa rufe ƙofofinsu, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ƙasar nan ba za ta gyaru ba, an sa mutane sun yi layi a rana sun yi zaɓe, sannan an ce ba a yi ba. Ya ce ciwonmu ɗaya ne, ba wanda ke yarda an kayar da shi. Na gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa, ni ma takaicin yana cina. Ku riƙe mutumin nan a ranku.

Mun isa kafin azahar. Mutanen garin sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka kawo tuwon acca da miyar karkashi, suka ba Musulminmu tabarma da buta. An sa wasan ƙarfe biyu don mu kama hanya da sauran rana. Filin na makarantar firamare ne, ba katanga, igiya kawai aka ja, 'yan sanda biyu suna zaune a inuwar mangwaro.

Har aka dawo daga hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Sau biyu 'yan garin suna buga ƙwallo tana dukan ƙarfen ragarmu tana dawowa. Sai wani daga cikinsu ya hango 'yar jaka rataye a jikin ragar golanmu, nan take aka fara ihun asiri ne, a cire. Mutane suka fara tsallako igiya. Rafali ya hura usur, ya je da kansa ya kwance jakar, ya kawo mini ya ce in riƙe. Abin da ya yi daidai ne, ya kashe wuta tun ba ta kama ba. Amma ba a yi minti biyar ba suka zura mana ƙwallo, shi ke nan namu suka birkice, wai Rafali ya kwance mana tsari, wai an saye shi.

Ina tsaye a bakin igiya, a ɓangarenmu. Na ga hannun da ya ɗauki dutsen, na ga fuskar mai hannun. Mutumin nan ne da muka ci gyaɗa tare. Rafali ya juyo ke nan yana ɗaga hannu a yi haƙuri, dutsen ya same shi a idon dama. Bai yi ƙara ba, ya durƙusa kawai ya rufe fuska.

Na ruga da akwatina. Da na buɗe sai na ji kunyar sunan Dakta: man zafi, gulukos, aidin, auduga da bandeji, duk kayan targaɗe. Jini nake gani, abin da na sani kuma shi ne in jini na zuba a danne. Na tula auduga a kan idon, na danna da ƙarfi, na ɗaure tamau. 'Yan wasan garin ne suka kewaye mu suka kai shi mota, kyaftin ɗinsu har da cire rigarsa ya yi masa matashi. Sauran mutanenmu suka cunkushe a akori-kura suka nufi gida. Bas ya rage daga ni sai direba sai golanmu sai Rafali.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, ma'aikaciya ɗaya muka tarar, ba likita, ba wuta, kantar magani wayam. Ta kwance bandejin a bakin taga, ta duba, ta ɗago ta ce, "Wa ya ɗaure wannan haka?" Na ce ni ne. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ido in ya fashe ba a danna shi. Ta yanke gindin kofin roba ta kifa a kai, ta manna da filasta, ta ce mu wuce Kaduna yanzu-yanzu, kada mu tsaya ko shan ruwa. Shekara goma sha ina sayar da magani, ban taɓa jin wannan ba. Irinmu ne kuma asibitin yawancin mutane a ƙasar nan, don mu ne kullum a buɗe.

Ba mu kai Kaduna ranar ba. Man da direba ya sha na zuwa da dawowa ne daidai, ga shi ramuka sun ci rabonsu. Muna fita babban titi wajen Jere mota ta fara shiƙa. Gidajen mai duk a rufe, motoci sun yi layi a gabansu, wasu sun kwana uku. 'Yan bumburutu ma sun ƙarar da nasu. Ƙasar da ke haƙo mai ke nan. Na tsayar da motoci har hannuna ya gaji, mai tsayawa a cike yake, wanda ba a cike ba yana ganin jini a rigata sai ya ƙara wuta. A nan muka kwana, sai da hantsi direba ya samo galan biyu.

Muka kama hanya. Rafali na kwance a kujerar baya, kansa a cinyata, yana nishi yana ƙoƙarin ɓoyewa. Can ya ce da direba, "Ɗan'uwa, sa mana kiɗan nan naka." Direba ya ce ai zai dame shi. Ya ce, "Sa. Na gaji da jin muryata." Haka muka shiga Kaduna, ƙarafa na ta ƙara, wani Bature na kururuwa a madadinmu. Har gobe ba na son kiɗan nan, amma na daina cewa ba shi da amfani.

Golanmu ne ya tuna mini da jakar, tana aljihun rigata tun jiya. Ya ce in buɗe. Agogon hannunsa ne a ciki da hankici da rabin goro. Ya ce tsoro yake a sace agogon in ya bar shi a mota, shi ya sa ya rataye a raga. Ya kifa kai a gwiwa ya yi ta kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyu.

A babban asibiti sai da muka fita waje muka sayo safar hannu da allura da ruwan ƙari kafin a taɓa shi, ranar Lahadi kuwa sai an sha yawo. Likitan ido ya zo bayan la'asar. Mutum ne mai kirki, gajiya ta bayyana a fuskarsa. Ya ce idon ya tafi, abin da za a yi yanzu shi ne a tsare ɗayan. Na bi shi har baranda na tambaye shi ko dannawar da na yi ce, ko kwanan da muka yi a hanya. Ya dube ni ya ce dutse ne ya fara, sauran kuma Allah ne Ya sani. Na so ya ce ba ni ba ne, bai ce ba.

Da safe na shiga yi wa Rafali sallama, gola zai zauna da shi kafin iyalinsa su iso. Ya laluba aljihu ya miƙo mini usur ɗinsa. Ya ce, "Maƙwabci, ka ga wanda ya jefa?" Na karɓi usur ɗin na sa a aljihu. Ya ce, "Ni na gan shi. Shi ne abu na ƙarshe da idon nan ya gani." Ya juya fuska bango.

Mun dawo ta Kaciya da Zonkwa. Hanyar ta fi ta zuwa kyau, amma ban ga komai a kanta ba. Direba bai sa kaset ba. A Madakiya muka tsaya ƙara wa mota ruwa, wani mai faci da ya gane bas ɗin ya zo yana jajanta mana, yana cewa ya ji yadda mutanen can suka taru suka yi wa Rafali rotse. Ya ce ai an ce samarinmu suna jiran ranar da mutanen can za su zo ramuwar wasa Kafancan. Labari ya riga mu isowa gida, kuma mun san ƙaramin abin da ke tada gari a yankin nan.

Ban biya ta gidana ba. Na tarar da matar Rafali ta haɗa kaya za ta tasha, matan cocinsu zaune da ita a tsakar gida. Na durƙusa na ajiye usur ɗin a gabanta, na faɗa mata abin da likita ya ce. Ba ta tuna mini alkawarin da na yi mata ba. Ta ce, "Dakta, ai na faɗa. Garin da ba a san mutum ba, wa zai tausaya masa?"

Na ce, "Madam, ba su ba ne. Su suka ɗauke shi suka sa a mota. Namu ne, a bas ɗinmu ya je."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma ba daɗi. Mun ɗauko mutum don mun ce ba ruwansa da kowa, ashe abin da muke nufi shi ne in an taɓa shi ba mai tashi. Kullum muna zagin na sama sun ƙi yarda da hukunci, mu kuma ƙwallo ɗaya aka ci mu muka ɗauki dutse. Na mayar wa ƙungiya akwatinta. Na kuma je na faɗa wa shugabanninta sunan mai jifan, zan maimaita a gaban duk hukumar da ta kira ni. Ku kuma masu tara duwatsu kuna jiran baƙi, ba sai kun jira ba. Wanda kuke nema yana cikinku, jiya ma ya zo shagona sayen maganin ciwon kai.